Hannun Hagun Baba

Aikina na farko a Riyad ɗaukar kwalayen dabino ne a kasuwar Utaiƙa, ni da aka ce mini sharar masallaci zan zo yi. Haka mutumin da ya haɗa mana takardu a Maraɗi ya faɗa, har yana dafa kafaɗata. Wai masallacin yana jikin jami'a, in yi shara da safe, da yamma in zauna cikin ɗalibai in sha karatu iya cikina. Da muka sauka, wani Balarabe ya tattara fasfo ɗinmu ya jefa a aljihun mota, ya ce shi ne kafil, wato mutumin da zamanmu da aikinmu da fitarmu daga ƙasar duk suke hannunsa. Na harhaɗa ɗan Larabcin da na tsinta a littafi na tambaye shi ina masallacin. Ya dube ni ta madubi ya ce, "Masallaci? Ko'ina akwai masallaci. Yalla, mu tafi."

Kuma bai yi ƙarya ba. Ko'ina akwai, sai dai ni tsakanina da su salla ce a tsaitsaye, in sallame in koma bakin motar kaya.

Mu bakwai ne a ɗaki guda a bayan kasuwa, a saman shagon wani mai gyaran firji. Babbanmu Malam Isuhu, mutumin Damagaram, wanda ya daɗe a ƙasar har ya daina lissafa shekarun. Ran da na iso ya dubi wandona ɗangalalle da jakar littattafaina ya ce, "Lale da Ustazu! Jama'a, an kawo mana limami. Ga katifarka can bakin ƙofa, in 'yan sanda sun zo da kai za su fara gaisawa." Tun daga ranar sunana Habu ya ɓace a ɗakin, sai Ustazu.

Mutane kan tambaye ni ko na yi kuka, ko na yi fushi da na gane an yaudare ni. Ko ɗaya ban yi ba. Abin da ya same ni irin abin da kan sami ƙafa ne idan an daɗe a zaune a kanta: tana nan, kana ganinta, amma ko an mintsine ta ba ka ji. In tashi, in ɗauka, in sauke, in ci shinkafa da kaza a tire ɗaya da mutum shida, in kwanta. Littattafan nan wata uku ban buɗe su ba, daga baya ma na mayar da jakar matashin kai. Zafin garin da ake ba da labari, na san yana nan, don rigata kan jiƙe ta bushe ta bar farin gishiri a baya, amma ba zan ce ya dame ni ba.

Gara in faɗi abin da na baro a gida, in ba haka ba sauran labarin ba zai shiga ba. Mahaifina makaɗin gangar noma ne a wani ƙauye gabas da Tasawa. In an kira gayya, shi ke bin manoma a baya da ƙatuwar gangarsa a rataye, yana kaɗa wa kowa takensa, sai ka ga dattijon da ke nishi ɗazu ya zabura yana saran ƙasa. A fuskar gangar akwai wata siririyar igiya da ake ɗaurawa, tsirkiya muke ce mata, ita ke sa kowane bugu ya fito da zirr a bayansa. Na tashi da gula a hannu, sandan kiɗan nan mai lanƙwasa, kuma kowa ya shaida na iya. Aibina ɗaya, gaggawa. Akwai wata gaɓa a cikin takena da kullum nake riga lokaci, kuma duk ran da na riga Baba ba ya magana, sai dai in ji ranƙwashi a tsakar ka, ƙwas, a ci gaba.

Ina da shekara ashirin da biyu na fara karatu wajen wani matashin malami da ya dawo daga birni. Karatun ya shige ni, kaina kuma ya fi na malamin zafi. Hukuncin kiɗa na bar wa masana su yi ta tattaunawa, amma abin da ni na aikata ba wanda ya karantar da ni shi. Ranar wata gayya, a gaban mutum ya fi arba'in, na tsaya na yi wa ubana wa'azi da ƙarfi, na zaro wuƙa na tsinke tsirkiyar gangarsa. Gonar ta yi tsit. Baba ya sunkuya ya tsinci igiyar, ya naɗe ta a yatsa, ya sa a aljihu, ya juya gida. Ya rataye gangar a zaure, bai sake sauke ta ba. Shekara shida muka yi a gida ɗaya bayan haka, tsakaninmu "ina kwana" da "lafiya lau". Ran da zan taho ma, "Allah ya kiyaye hanya" kawai ya ce, yana kallon akuyar da ke ɗaure.

Zangona na biyu unguwar Malaz ce. Bayan wata tara kafil ya ba wani ɗan'uwansa mai wurin wankin mota arona, kamar yadda ake ba da aron jaki. Ba a tambaye ni ba, ni ma ban tambaya ba. Kwana dai a Utaiƙa nake, a kwashe mu da sassafe a maido mu da yamma. Sabulun wurin ya cinye mini fatar yatsu har waya ta daina gane taɓawata, sai na lasa yatsan tukuna. A unguwar nan ne na riƙa ganin ɗaliban da aka yi mini alkawarin zama cikinsu, 'yan ƙasarmu da 'yan Najeriya, da fararen riguna, suna hira da Larabcin littafi. Wata rana ɗayansu ya ji ina Hausa a waya ya yi mini sallama da fara'a, ya tambaye ni wane fanni nake karanta. Na ce fannin taya. Ya yi dariya don ya zaci wasa nake, ni kuwa na ɓoye hannuwana a baya har ya tafi.

Akwai wani ɗan Yaman mai gasa burodi a tanda a gefenmu. Kullum na zo saye sai ya zaɓo mini wanda ya fito yanzu, ya ɗan shafa masa zuma ba tare da na ce ba. Wata shida yana yi. Ban taɓa sanin sunansa ba, kuma ina jin kunyar faɗa, ko godiyar kirki ban yi masa ba.

A nan Malaz saƙon Yaya Rabi ya same ni. Yayata ce, tana aure kusa da gida, ita ke duba Baba tun rasuwar Inna. Ina tsugune ina wanke tayar wata farar mota na danna. Ta ce hawan jini ya kayar da Baba a bakin rijiya, ɓarin dama duk ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Ta ce, "Habu, in da hali ka zo. In babu, ka ce wani abu in sa masa a kunne."

Na gama tayar, na koma ta biyu. Da yamma na sami kafil na roƙe shi fasfo da izinin fita. Ya ce, "Ba'aden," wato nan gaba. Bayan mako na koma, ya ce ba'aden. Maganar da Yaya ta ce in yi kuwa, na danna wurin ɗaukar murya ya fi sau ashirin ina gogewa. In ce me? In ce "Baba ka yafe mini" ga mutumin da ba zai iya cewa e ko a'a ba? In ya ƙi ma ba zan sani ba. Sai na riƙa tura gaisuwa irin ta baƙo: ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Ana haka sai ga wani saƙo daga Yaya. Ta ce, "Tun da na sa masa muryarka yake ta ƙwanƙwasa tasar abincinsa da yatsu. In na ɗauke tasar sai ya ɓata rai. Yau ya yi ta nuna wayar da ido, shi ne na ɗaukar maka. Ni dai ban gane ba." Bayan muryarta sai ƙarar yatsu a kan tasa: tak, taka-tak, shiru, tak-tak, shiru mai tsawo, taka. Ba kai ba gindi. Na san taken mutanen ƙauyenmu kaf, na saurara sau uku ban ji ko ɗaya ba. Malam Isuhu ya karɓa ya kanga a kunne, ya girgiza kai.

"Ustazu, sai haƙuri. Ciwon nan haka yake, hannu kan yi ta rawa shi kaɗai. Kakana ma haka ya yi ta kaɗa gefen gado har Allah ya karɓi abinsa."

Na ce haka ne. Na bar saƙon a wayar ban goge ba, ban kuma sake buɗewa ba.

Zango na uku unguwar Murabba. Wurin wankin ya rufe, kafil ya miƙa ni, ni da Malam Isuhu, ga wani kamfani mai shirya dandalin taro da na wasanni. Aikinmu jera kujeru, jan wayoyin lantarki, da sauke akwatuna daga mota. Ranar farko mudir, wato shugaban aikin, wani ɗan Masar mai ƙaton agogo, ya nuna mini wasu baƙaƙen akwatuna ya ce in shiga da su a hankali. Na ɗaga murfin guda don in ga abin da ake lallaɓawa haka, sai ga ganga. Malam Isuhu ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

"Wayyo cikina! Ustazu, ka tsallako ƙasashe don kada ka ji kiɗa, ga shi an ɗora maka ganga a ka! Ina wuƙar taka?"

Shi kaɗai na taɓa ba labarin, kuma na yi da-na-sani a lokacin. Amma ko haushinsa ban ji sosai ba. Na ɗauki akwatin na shiga da shi. Wata uku ina ganin makaɗa iri-iri suna zuwa suna tafiya, yawancinsu matasa masu dukan ganga kamar sun kama ɓarawo. Ƙarar takan girgiza mini ƙirji, amma ba ta shiga kunnena.

Da sanyi ya shigo aka kawo wasu mutum huɗu daga Amurka, aka ce kiɗansu jaz ake kiransa. Za su yi wasa a wani ɗakin taro kusa da gidan tarihi, kuma kwana uku kafin ranar suna zuwa bayan azahar su gwada kayansu. Ɗaya da fiyano, ɗaya da wani ƙaton abu mai tsirkiya huɗu da ake rungumewa a tsaye, ɗaya matashi da abin busa na tagulla mai lanƙwasasshen baki. Na huɗun shi ne mai gangunan, wani tsoho baƙi siriri, furfura ta cinye gemunsa, yana tafiya yana ɗan jan ƙafa. Da a kasuwar Tasawa ka gan shi sai ka ce mai goro ne.

Ni na shigo masa da kayan. Bai bar ni na ɗaura ko ɗaya ba, ya ce wani abu da Turanci yana murmushi, ya nuna mini in dai riƙe masa. Daga ƙarshe ya zaro wata 'yar ganga mai faɗi marar zurfi daga jakarta daban, wadda da ita ya taho a jirgi, ya kifa ta a cinya. A ƙarƙashinta akwai siraran wayoyi murɗaɗɗu a shimfiɗe jikin fatar. Ya ja yatsa a kansu, suka ce zirr. Ya ɗan murɗa wani noti a gefe, ya sake ja, ya saurara da kai a karkace, ya sake murɗawa. Tsirkiya ce. Tasu ta ƙarfe ce, kuma a ƙasa suke ɓoye ta, amma ita ce. Na kau da kai na tafi jan waya.

Da suka fara, bai ɗauki sanda ba. Wasu 'yan tsintsiyoyi biyu na ƙarfe ya fito da su, ya riƙa shafa fuskar 'yar gangar yana zagayawa, shuu, shuu. Malam Isuhu ya matso ya raɗa mini, "Ka ga ikon Allah. An ɗauko mutum a jirgi tun daga Amurka ya zo ya yi shara. Da sun faɗa ai da mun yi musu." Tun daga nan muka sa masa Mai Shara.

Rana ta biyu na kama kaina a tsaye da kujera a hannu. Mai Shara ya koma sanduna. Hannun damansa yana kan wani faifan tagulla yana ba da lokaci, ting, tin-ki-ting, wannan kowa na ji, shi ne a sama. Ƙafarsa ta hagu tana taka wasu ƙananan faya-fayai biyu suna haɗe baki, cif, cif. Abin da ya tsayar da ni hannun hagunsa ne. Sandan yana kwance tsakanin yatsunsa kamar cokali, kuma bai cika ɗaga shi ya wuce kaurin yatsa biyu daga fatar ba. Sakin shi kawai yake yi ya faɗi da nauyinsa, ya yi tsalle sau biyu, sau uku, tsirkiyar ta amsa ƙasa-ƙasa. Bugun ba ya faɗowa a kan lokaci, tsakanin lokaci yake shiga, wurin da ka zaci babu komai. Wani ka ji shi, wani sai dai ka ga wuyan hannun ya motsa. Can ba zato sai ya saki guda mai ƙarfi a bakin gangar, ƙwal, ya koma raɗa. Na lura in ya ɗauke hagun na ɗan lokaci kiɗan yana nan daidai, ba abin da ya karkace, amma sai ya yi salaf kamar miyar da ba daddawa.

Akwai wani abu kuma da na gani, wanda sai wanda ya taɓa riƙe gula zai gani. Matashin mai busa yana da irin ciwona. In ya hau sama ya ji daɗi sai ya fara gudu, ya riga sauran. Na jira in ga tsohon ya daki ganga da ƙarfi ya dawo da shi, don ni abin da na sani ke nan. Bai yi ba. Sai hannun hagun nan ya bi shi, ya ƙara 'yan ƙananan bugu a ƙarƙashinsa, ya cike gurbin da gaggawar ta buɗe, ya raka shi har inda za shi, sannan suka sauko tare. Mai busan bai ma san ya yi kuskure ba. Ya gama yana haki yana murna, tsohon kuwa yana kallon silin.

Mudir ya daka mini tsawa, "Ya sadik! Shugul!" wato in koma aiki. Na ajiye kujerar a layin da ba nata ba.

Rana ta uku aka kawo musu shayi a kofin takarda ana tsakar gwaji. Sauran suka tsaya. Mai Shara ya ajiye sandan dama a cinya, ya karɓi kofinsa yana kurɓa, amma hagun bai tsaya ba. Shi kaɗai yake ta tafiya a kan 'yar gangar: tak, taka-tak, shiru, tak-tak. Ba faifan tagulla, ba komai a samansa. In ba ka ji kiɗan ɗazu ba sai ka rantse hannun tsohon rawa yake yi.

Ina durƙushe ina manne wayoyin lantarki a ƙasa. Na ji tsigar jikina ta tashi, abin da na manta yadda yake.

A gidanmu ba a ba ɗa ganga sukutum, hannu ɗaya ake ba shi. Baba ya rataya gangar, ni in tsaya a gabansa da gula ina sauke manyan bugun, shi kuma ya zuro hannun hagu yana cike tsakani da yatsu a kan fatar. Hagu sai mutum ya yi aure ake koya masa, ni kuwa ban kai nan ba na tsinke tsirkiya. Shekara goma sha biyu hannun nan yana aiki a ƙarƙashin nawa, ban taɓa jin sa shi kaɗai ba, ƙarar gulata ta cika mini kunne. Kuma ɓarin dama ne ya shanye wa Baba.

Na tashi na haye dandalin, wurin da aka hana mu hawa in baƙi suna kai. Na ciro wayata, na nemo saƙon nan da ya yi wata huɗu a kwance, na tsallake muryar Yaya, na miƙa wa tsohon. Mudir ya taso yana faɗa. Mai Shara ya ɗaga masa tafin hannu ba tare da ya dube shi ba, ya kanga wayar a kunne. Ya ji har ƙarshe, ya nuna in maimaita. A karo na biyu na ga kansa yana sunkuyawa daidai wuraren shirun, yana auna abin da ya kamata ya faɗo a ciki. Da ya ƙare ya ɗaga hannunsa na hagu ya nuna wayar, ya jinjina kai, ya furta wata kalma a hankali. Sannan ya ɗaga na dama, ya buɗe shi wayam, ya dube ni yana tambaya da ido.

Na ce da Hausa, "Babana ne." Na dafa ƙirjina. "Hannun daman ni ne."

Ban san abin da ya fahimta ba. Ya dai ɗauki sandan da ke cinyarsa ya miƙo mini, ya nuna babbar gangar da ke tsaye a gefensa. Shekara takwas rabona da sandan kiɗa. Na danna saƙon, na ajiye wayar, na jira shirun farko na jefa bugu a ciki. Na biyu. Na uku. Kafin in kai na shida na san abin da nake kaɗawa. Takena ne, wanda Baba ya yi mini ran da na fara riƙe hauya: Habu ƙanen Rabi, taka a hankali, gona ba ta gudu. Wata huɗu ubana yana kirana da hannun da ya rage masa, ni kuwa ina aika masa "ya jiki".

Malam Isuhu yana ƙasa da kujeru biyu a hannu, baki buɗe. Bai yi tsokana ba ranar. Na miƙa wa Mai Shara sandansa, ya ƙi karɓa, ya tura hannuna da shi zuwa ƙirjina. Mudir kuwa ya mayar da ni sauke kaya a waje, don haka ranar wasan ban ji ko bugu ɗaya ba, ban kuma sake ganin tsohon ba.

Ranar Juma'a da hantsi, ranar hutunmu, na hau rufin gidanmu na Utaiƙa da bokitin wanki da sandan. Na sa saƙon Baba a kunne da abin sauraro, na kifa bokiti, na kaɗa hannun dama zalla, Malam Isuhu yana ɗauka da wayarsa. Na tura wa Yaya, na ce ta ajiye masa tasar a gefen hagu, ta kunna wannan kusa da shi, ta ari wayar mijinta ta ɗauko mini duk abin da ya faru.

Amsar ta zo washegari ina cikin motar zuwa aiki. Ga bokitina yana fita daga 'yar wayar Yaya, dum, dum, ga yatsun Baba suna shiga tsakani, kowanne a gurbinsa. Muna tafe lafiya lau har muka iso gaɓar nan tawa. Sai na ji ƙwas! Sai muryar Yaya: "Kai, Baba! Za ka fasa mini waya! Habu, me ka yi masa? Wallahi ranƙwashin wayar ya yi har ta faɗi."

Na yi dariya a cikin motar nan har 'yan Bangaladash ɗin da ke gefena suka matsa. Na riga lokaci. Shekara talatin a duniya ban daina ba.

Haka muka shiga yi. In tura, Yaya ta kunna, Baba ya cike, ya ranƙwashi waya, ta turo. Ta ce ya fara cin abinci da kyau, kuma in ya ji ƙarar shigowar saƙo yakan juyo da ido. A na huɗu na gyara. Na kaɗa shi daidai, ban riga ba ko ƙiftawar ido, Malam Isuhu ma da bai san kiɗa ba ya ce wannan ya zauna. Na sa yatsa zan tura, sai tsoro ya kama ni. In na gyara, me ya rage ya ce mini? Ranƙwashin nan shi kaɗai ne maganar gaske da ubana ya yi mini cikin shekara takwas. Na goge, na ce a sake ɗauka, na yi gaggawar da gangan.

"Ustazu, wannan ai ha'inci ne," in ji Malam Isuhu. "Tsoho na kwance kana sa shi aiki."

Na ce, "Ɗauka dai, Malam."

Sau biyar na yi haka. Ranƙwashin yana ta raguwa, ina ji, daga ƙwas ya koma ɗan tak, amma yana zuwa. Na koma wurin kafil sau biyu a tsakanin, ya ce ba'aden.

Baba ya rasu wata Asabar da hantsi, ina jera kujeru a Murabba. Na ce innalillahi, na ƙarasa layin da nake kai, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Aka kai shi ba ni. Mutanen ɗakinmu suka shimfiɗa tabarma, 'yan ƙasarmu suka yi ta zuwa gaisuwa, ina amsa amin kamar wani ake wa.

A kwana na uku Yaya ta turo saƙo, muryarta duk ta dashe. Ta ce, "Wannan tun ran Alhamis na ɗauka, jikin ya rikice ban samu na turo ba. Bai ranƙwasa ba a wannan, ina jin ƙarfinsa ne ya ƙare. Ka yi haƙuri, Habu."

Na hau rufin bayan la'asar, na zauna a kan bokitin na kunna. Yatsun sun yi rauni ƙwarai, sai da na danne abin sauraron a kunne kafin in ji su a kan tasar. Amma suna nan, kowanne a gurbinsa. Muka taho, muka taho, har gaɓar. Na ji kaina na riga lokaci kamar kullum. Ba ranƙwashi. Yatsun kuma ba su tsaya ba. Sauri suka ƙara suka biyo ni, ƙanana uku a jere, taka-tak, suka cike wurin da na ɓata har ba a jin an ɓata, suka raka ni muka sauka tare a bugun ƙarshe.

Ba ƙarfinsa ne ya ƙare ba. Wanda ƙarfinsa ya ƙare ba ya ƙara bugu uku.

Nan take komai ya dawo mini lokaci guda, zafin simintin da ƙafafuna suke kai, raɗaɗin yatsuna, warin dabinon kasuwa. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina ƙarami, na kunya da na kewa, har da na murna a ciki. Malam Isuhu ya hawo ya tarar da ni, ya tsaya daga bakin matakala sai da na lafa.

Ya ce, "Ya ranƙwasa?"

Na ce, "A'a, Malam. Biyo ni ya yi."

Bai gane ba, amma ya zo ya zauna a ƙasa kusa da bokitin. Na ba shi kunne ɗaya na abin sauraron, na sake kunnawa daga farko.